Ƙaramar bindigata ta yi tsatsa: akwai mai aikin Tenifer a Garwa, Marwa ko Njamena?

Alhaji_Yelwa
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masu sanin ƙarfe. Ina da ƙaramar bindiga da takardunta cikakku daga ma'aikatar mulkin ƙasa, na neme ta ne tun lokacin da zargina, wato 'yan fashin hanya, suka addabi hanyar da nake bi da shanu. Na faɗi maganar takardu tun farko don kada wani ya kai zancen inda ba a nufa ba. Damunar bana ta ci mata jiki. Baƙin da ke kanta ya koɗe a gefe-gefe, wurin da take gogar kube, ja-ja ya fito, har da 'yan ramuka kusa da baki da kuma inda babban yatsa ke zama. Yarona ya nuna mini bidiyo a waya, wani Bature yana karta bindiga da tsinin wuƙa, ko alama ba ta yi ba, wai an yi mata wani aiki da ake kira Tenifer ko Melonite, ƙarfen ya yi tauri kuma ba ya tsatsa. Shin fenti ne ko mene ne? Akwai mai yinsa a nan Garwa, ko Marwa, ko Njamena? Allah ya saka da alheri.

Sarkin_Zaure
Wa alaikumus salam Alhaji. Na bar tambayar saboda maganar kula da ƙarfe ce. Amma ina jan kunnen kowa: babu tallar bindiga ko harsashi a nan, babu sa lambar waya, babu "same ni ta bayan fage". Wanda ya yi, zan share rubutunsa in fitar da shi.

Bello_Walda
Alhaji ai wannan ba abin wahala ba ne. Fenti ne mai ƙarfi irin wanda ake gasawa. A goge ta tas da samfefa, a fesa, a kara a wuta ya kama. Masu fentin salansar babur kullum suna yi a nan Garwa.

Sani_Jamus
Malam Bello ka yi haƙuri, ba fenti ba ne ko kusa. Alhaji, ina aiki a wata masana'anta a nan Jamus da ke yin wannan aikin. Mu ba bindiga muke yi wa ba, kayan injin ne, irin su karanshaf da bawul da sandunan haidirolik, amma hanyar duk ɗaya ce.

Tenifer suna ne na kasuwa, kamfanin Degussa na Jamus ne ya fito da shi. Melonite kuma sunan da aka fi sanin irinsa da shi a Amurka. Ana narkar da wani irin gishirin masana'anta a tukunya har ya zama ruwa, zafinsa wajen digiri 580, sai a tsoma ƙarfen a ciki ya yi awa ɗaya zuwa biyu. Naitirojin da ɗan kabon da ke cikin gishirin su ratsa fatar ƙarfen su haɗu da shi. Ba abin da aka shafa a sama balle ya ɓare. Fatar ƙarfen ce da kanta ta sauya, kamar yadda lalle ke shiga tafin hannu, sai dai ya koɗe da daɗewa amma ba a kankare shi da farce. Ɓawon mai taurin bai wuce maikiron 10 zuwa 20 ba, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan zurfi da naitirojin ya ratsa, shi ke tallafe ɓawon. Saboda sirantarsa girman abin kusan ba ya canzawa, shi ya sa masu injin suke sonsa.

Baƙin launin daga baya yake zuwa. Ana fitar da ƙarfen a tsoma a wani gishirin da bai kai na farko zafi ba, a goge shi ya yi santsi, a sake tsomawa. Wannan tsarin shi ake kira QPQ, kuma shi ke ƙara masa juriyar tsatsa.

Wanda ya sa sunan Tenifer ya shiga bakin masu bindiga shi ne kamfanin bindiga na Glock na ƙasar Ostiriya, tun farkon shekarun 1980. Amma a nan mutane da yawa suke rikicewa: baƙin da ido ke gani a jikin Glock wani shafi ne daban a sama. Taurin yana ƙarƙashi. Shi ya sa za ka ga tsohuwar Glock ta yi fari a gefe saboda gogar kube amma ba ta yi ja ba.

Bello_Walda
To ai ni bidiyon da na gani da bindigar fesawa mutumin ya yi, har kala-kala, akwai ruwan ƙasa akwai kore.

Sani_Jamus
@Bello_Walda wannan Cerakote ne, wani kamfani a jihar Oregon ta Amurka ke yinsa. Shi kam shafi ne, ana fesawa a gasa a tanda. Yana da kyau, ya fi fentin salansa nesa, amma a sama yake zaune, kaurinsa wajen maikiron 25, kuma ba ya ƙara wa ƙarfen tauri. Abu biyu ne daban.

Kofur_Mai_Ritaya
Alhaji barka da war haka. Ni dai ban san Tenifer ba, amma na riƙe bindigar gwamnati tun ina saurayi har na yi furfura. A zamaninmu bindigogin MAS 36 da MAC 50 na Faransa muka tarar, jikinsu toka-toka, da ɗan kaushi in ka shafa. Wannan kaushin shi ke riƙe mai. In ka shafa mai ya shige, ruwa ba ya samun wurin zama. In ka bar ta ta bushe kuwa, cikin mako guda za ka ga ja. Babu wani sirri da ya wuce tsumma da mai. Duk wanda ya sauka daga gadi sai ya goge kafin ya ajiye a ma'ajiya, kuma ana dubawa, a ɗaga bututun sama a leƙa ta hasken rana.

Abin da ya ci taka ba ruwan sama ba ne kaɗai, gumi ne. Ka ce ramukan suna wurin babban yatsa, to shi ke nan. Zafin Garwa a watan Maris da Afrilu ya wuce digiri 40, mutum yana tafe da ita a ƙugu ƙarƙashin riga, gishirin jiki yana zuba a kanta yini guda. Damuna ta zo ta tarar da gishiri a kwance, sai ta ƙarasa aikin.

Dan_Makera_Dugoy
Sani, da na karanta bayaninka sai na ce ai kakanninmu sun san wannan. Mahaifina in zai yi wa ƙyastu ko kaifin gizago tauri daga ƙarfe mai laushi, yakan daka ƙahon sa da kofato, ya zuga gawayin ƙirya har ƙarfen ya yi jawur, ya barbaɗa garin a kai. Warin kan cika maƙera, hayaƙi fari mai kauri, har yara su gudu waje. Ya maimaita, sannan ya ba shi ruwa. In ya huce ka sa zarto sai ya zame, yana ƙara siririya, ba ya ci. Ciki kuma da sauran laushi, ba ya karyewa. Ba shi ne Tenifer ɗin ba?

Sani_Jamus
@Dan_Makera_Dugoy Allah ya jiƙan Baba. Dangi ne, kuma ilimi ne na gaske. Turawa ma da gawayin ƙashi da fata suka riƙa yi wa tsofaffin bindigoginsu, shi ne kake ganin wasu da zanen shuɗi da ruwan goro a jiki. Bambancin shi ne naku kabon ya fi yawa, zafin ya haura na Tenifer sosai, kuma taurin ba ya zuwa sai an ba ƙarfen ruwa. Ba da ruwan nan shi ke murɗa ƙarfe ko ya tsaga shi. A gizago murɗewar rabin milimita ba komai ba ce. A bindiga kuwa ita ce tsakanin lafiya da rasa yatsu. Kuma taurin maƙera ba ya hana tsatsa, ai ka san fartanya na tsatsa in ta kwana a raɓa.

Dan_Makera_Dugoy
Haka ne. Ni ma ba cewa na yi a kawo bindiga maƙera ba. Ko an kawo ba na karɓa. Wuƙa da takobi dai muna baƙanta su, a ɗumama a shafa mai ya ƙone a jiki, ya yi baƙi mai sheƙi. Wannan ma ba na yi wa abin da ake sa wa harsashi.

Baduku_Domayo
Ranka ya daɗe Alhaji, wace irin kube kake sa ta? In ta fata ce irin tamu ta Marwa, to ina jin rabin laifin a nan yake, kuma ni baduku ne nake faɗa. Fatarmu da bagaruwa ake jeme ta. Bagaruwa da ƙarfe in suka haɗu da danshi sai su yi baƙi, ai da haka muke haɗa kuloko, ruwan baƙin da muke zana fata da shi, da kashin maƙera ake yinsa. Duba cikin kuben, in ka ga tabo baƙi daidai inda bindigar ta yi ja, to sun daɗe suna cin juna. Sannan fata tana shan gumi ta riƙe. Kai kana ganin ta bushe a waje, ciki da sanyi. Kube ta tafiya ce, ba ta ajiya ba. In an dawo gida a zare, a goge, a ajiye kowa daban.

Alhaji_Yelwa
Baduku, na duba yanzu. Wallahi kamar kana gani. Tabo baƙi guda biyu a ciki, kuma maɓallin tagullar da ke bakin kuben ya yi kore. A cikinta take kwana tun da na saye ta.

Mahamat_Farsha
Gaisuwa daga Njamena. Alhaji, ni ban taɓa jin mai wannan aikin a nan ba, kuma ina cikin harkar gyaran manyan motoci, da akwai da labari ya zo mini, don mu ma muna bukatarsa a kan sandunan haidirolik. In sanda ta lalace sabuwa muke nema. Mu a nan matsalarmu ba danshi ba ce sosai, damunarmu gajera ce. Ƙura ce. Kofur ya ce mai, gaskiya ne, amma da hunturu in ka cika mai, ƙura ta manne ta zama kamar garin goge ƙarfe, tana cin duk wurin da ke motsi. Mai kaɗan, a goge har sai tsumma ya kusa fita a bushe.

Kuma don Allah kada wani ya ba ka shawarar ka ƙetaro gadar Ngeli zuwa Njamena da ita wai neman mai gyara. Takardar Kamaru a Kusiri ta tsaya.

Aminu_Shari'a
Abin da Mahamat ya faɗa shi ne na zo in faɗa. Dokar da ke tafiyar da makamai a Kamaru ita ce mai lamba 2016/015 ta ranar 14 ga Disamba 2016. Izinin da aka ba Alhaji nasa ne shi kaɗai, a kan bindiga guda mai lamba guda. Abu biyu nake so a kula da su. Na farko, shawarar samfefa da aka bayar a sama. Lambar da ke jikin bindiga ita ce shaidarta. In aka goge har ta dushe, ko aka cika ta da fenti ba ta karantuwa, ranar da jandarma suka duba ba za su tambayi niyyarka ba, bindiga ce da aka taɓa lambarta. Na biyu, miƙa ta ga mai walda ko mai fenti ya kwana da ita. Shi ba shi da izinin riƙe ta, kai kuma ka sake ta daga hannunka. Ku biyun kun shiga matsala. Gyaran bindiga na mai shagon makamai ne da hukuma ta amince da shi. Fitar da ita waje kuwa wani babi ne daban, da izinin fita da na dawowa, kuma Kamaru da Cadi duka suna cikin yarjejeniyar Kinshasa ta 2010 kan ƙananan makamai.

Hajiya_Sabongari
Ku yi haƙuri in sa baki cikin zancen maza. Maigidana maharbi ne, yana da bindigar farauta kalibar 12 da takarda, a nan Gaundare, kuma kun san ruwanmu ya fi na Garwa, tufafi ma a cikin akwati suna funfuna. Abin da yake yi: akwatin ƙarfe mai kwaɗo, ba soso a ciki don soso na riƙe danshi, sai 'yan ƙunshin nan masu ƙwayoyi farare da ake samu a kwalin takalma da na magani, ni nake tara masa. Man keken ɗinkina yake shafawa. Ban taɓa ganin ja a jikinta ba.

Amma Alhaji abin da ya tsaya mini a rai shi ne "yarona ya nuna mini". Yaran yanzu sun san bindiga a waya fiye da iyayensu. Ina take kwana? Makullin yana hannun wa? Harsashin yana tare da ita ko daban? Tsatsa dai ana gogewa.

Alhaji_Yelwa
Hajiya na gode, maganarki gaskiya ce. Yaron babba ne, da aurensa, amma akwai jikoki a gidan. Tana cikin durowa mai makulli, makullin a aljihuna, harsashi a wani wuri.

Umar_Dalibi
Yaya Sani, ni ɗalibin injiniya ne. Tunda gishiri ne da zafi kawai, ba za mu iya haɗa ƙaramar tukunya a nan ba? Digiri 580 ai ba wani abu ba ne, masu narkar da sanholo su yi tukwane a kasuwa suna wuce haka. Da an samu sai a riƙa yi wa kayan injin niƙa da na gurzar auduga, ba ma maganar bindiga ba.

Sani_Jamus
@Umar_Dalibi ƙanena, tunaninka na kayan injin yana da kyau, amma kada ka kusanci wannan a gida ko a bayan ɗakin kwana. Ba gishirin miya ba ne. Cikin ruwan akwai sayanaid, guba mai kisa. A wurinmu akwai injin zuƙe hayaƙi a kan kowace tukunya, ana gwada ruwan a ɗakin gwaji a kai a kai, ruwan wanki ma ba a zubar da shi sai an kashe dafinsa. Sannan ɗigon ruwa guda in ya shiga narkakken gishiri, fashewa yake ya watso a fuska. Shi ya sa muke gasa kowane ƙarfe ya bushe ƙarau kafin ya shiga. Ka yi tunanin mai zubar da wannan a kwata, ya gangara Binuwai inda mutane ke kamun kifi da wanki.

In da gaske kake, akwai hanyar da ake yi da iskar gas a rufaffiyar tanda, ita ce masana'antu da yawa suka koma, Glock ma ya bar hanyar gishirin daga baya. Ka karanta a kanta, ka yi aikin kammala karatunka a kai. Arewa na bukatar wurin da zai yi wa kayan injin wannan aikin, masu gurzar auduga da masu siminti na Figil duka suna cin ƙarfe.

Maharbi_Faro
Ni ina bin sawu a sansanin farauta, da rani muna karɓar baƙi daga Turai da Amurka. Na ga bindigogi iri-iri a hannunsu. Masu Cerakote suna da kyau in sababbi ne, amma in suka sha gogar ƙarfen mota da ƙaya za ka ga ya koɗe a kusurwa. Masu baƙin da ya shiga ƙarfe kuwa sai dai ƙura. Amma abin da na lura, Baturen da bindigarsa ta fi ta kowa tsada shi ya fi kowa goge ta da yamma.

Ina da tambaya ni ma, Sani. Tsohuwar bindiga mai baki biyu ta kamfanin Manufrance na Faransa, irin wadda iyayenmu suka riƙe, za ta iya shiga wannan tukunyar?

Sani_Jamus
@Maharbi_Faro a'a. Yawancin tsofaffin masu baki biyu da dalma aka liƙe bututun da sandar da ke tsakaninsu. Dalma tana narkewa tun kafin a je rabin wannan zafin. Ko baƙantawar da ake yi a tafasasshen ruwan soda, wadda ba ta wuce digiri 150 ba sosai, tana cin dalmar, bututun su rabu. Irin waɗannan a hankali ake baƙanta su, a bar su su yi tsatsa siririya da gangan, a tafasa a ruwa ta koma baƙi, a goge, a maimaita. Aikin haƙuri ne na masu sana'ar.

Kawu_Garba_Gidar
Duk wannan dogon turanci. Mu da muka tashi da bindigar toka, in an dawo daga daji ruwan zafi ake ɗurawa a bututu har ya fito fari, a shanya a rana, a shafa man shanu. Albarushi gishiri gare shi, mai kaɗai ba ya wanke shi sai ruwa.

Kofur_Mai_Ritaya
Kawu Garba, ruwan zafin gaskiya ne, tsofaffin harsasan soja ma suna barin gishiri a bututu, haka muke yi musu. Man shanu da man gyaɗa ne ban yarda da su ba. Suna daskarewa su yi danƙo, su riƙe ƙura, ranar da kake bukata abin ya ƙi motsi. Man keken ɗinki na Hajiya ya fi su. In an samu Ballistol ko wani man bindiga na gaske, to madalla.

Jika_Lamorde
Tunda an taɓo takobi, mu masu hawa a bayan Lamiɗo ranar Sallah muna da wannan damuwar. Takubban gado ne, shekara guda suna kwance a kube, sai ana gobe Sallah a zaro a tarar da ja. Wasu yara suna kai wa mai injin wasa wuƙa ya goge, sai ya cinye rubutun da zanen da ke jiki. Na ga wani da aka yi wa haka, tambarin da ke kusa da ƙota ya tafi gaba ɗaya, takobin da ya fi kakan mai shi tsufa. Dan_Makera, me ya kamata?

Dan_Makera_Dugoy
@Jika_Lamorde kada injin ya taɓa shi. A jiƙa da kananzir ya kwana, a sa toka mai laushi da tsumma a bi tsawonsa, ba a gicciye ba. Baƙin da ya zauna ya daɗe a bar shi, ba ya ci gaba, ja ne mai ci. Sannan mai siriri. Kuma maganar Baduku ta shafe ku, ku riƙa zarowa ko sau ɗaya a tsakiyar damuna.

Ummaru_Mora
Ni dai a ganina duk wanda ya ajiye bindiga a gida ya ajiye wa kansa fitina. Mu nan Mora mun ga abin da makami ya yi wa gari. Alhaji in ta yi tsatsa ka mayar wa hukuma ka huta.

Alhaji_Yelwa
Malam Ummaru, Allah ya kawo muku sauƙi, mun san abin da kuka gani. Ni ma ba don sha'awa na riƙe ba. Wanda aka taɓa tsarewa a daji da kuɗin shanun mutane a jikinsa ya san dalili.

Sarkin_Zaure
Kowa ya faɗi nasa a kan wannan. A koma kan tambayar.

Alhaji_Yelwa
To Sani, a taƙaice, ko da zan bi duk takardun da Malam Aminu ya lissafa in samu inda ake yi, tawa za ta karɓi aikin?

Sani_Jamus
Alhaji, ban ga bindigar ba, amma ga abin da duk mai aikin kirki zai duba kafin ya karɓa.

Ramukan nan ba za su cike ba. Aikin ba ya ƙara nama, duk abin da ke fatar ƙarfe haka zai fito, rami ya fito rami mai tauri. Sai an goge an kai ƙasansu tukun, kuma in suna kusa da lamba ka ji abin da lauya ya ce. Sannan ba dukkan bindigar ke shiga ba. Sifirin in ya ji digiri 580 ya mutu. Roba ta narke. In gangar jikin ta sanholo ce, ba ta shiga sam, don sanholo yana narkewa a digiri 660, kuma tun kafin nan ya saki. Ka kara maganaɗisu a jikinta, inda ya ƙi kamawa ba ƙarfe ba ne.

Babban abin da ke damuna shi ne wannan: tun a masana'anta an riga an ba kowane sashe taurin da ya dace da shi, kuma wasu ƙarafan an daidaita su ne a zafin da bai kai 580 ba. In ka mayar da irinsu tukunya, fata ta yi tauri, ciki ya sassauta. Glock da ire-irensa sun zaɓi ƙarfensu ne tun farko da sanin zai shiga wannan zafin. Tsohuwar bindigar da ba a san irin ƙarfenta ba, mai gaskiya zai ce maka ba ya yi. Da ni ne, in ramukan ba su yi zurfi ba, zan kai wa mai shagon makamai mai izini ya kashe tsatsar ya sake baƙanta ta, in canza kube, in riƙe tsumman Kofur.

Maharbi_Faro
Ni kuwa da Cerakote zan ce. Baƙantawar gargajiya siririya ce ƙwarai, ba ta kai ko kusa da kaurin Cerakote ba, kuma ba ta tsare komai in ba mai. Mutumin da ke yawo da ita a ƙugu cikin gumi, shekara mai zuwa zai dawo da wannan tambayar.

Kofur_Mai_Ritaya
Wa zai fesa masa a Garwa? In ba a kankare tsatsar daga cikin ramin ba aka rufe da shafi, tana nan tana ci a ƙarƙashi, kai kana ganin baƙi kana murna. Gara wadda idona ke gani.

Bello_Walda
Maganar Kofur haka take a mota ma, in aka yi fenti a kan tsatsa, damuna guda sai ya kumbura ya fashe.

Alhaji_Yelwa
Na kara maganaɗisun rediyo. Sama ya kama, ƙasa ya ƙi. Kenan ƙasan sanholo ne? To shi me ya sa ya yi fari-fari a gefe, in ba ya tsatsa? Na goge saman da kananzir kamar yadda aka ce wa mai takobi, tsumman ya fito ja, ramukan guda uku ne suka rage, ɗaya farce na shiga.

Sani_Jamus
Ƙasan sanholo ne, Alhaji. Shi nasa baƙin da lantarki ake yi masa a ruwan asid, farin da kake gani wurin da ya goge ne, kada ka sa masa samfefa. Wanda farce ke shiga kuwa, a wane wuri yake daidai? In a gefe ne wurin yatsa, muni ne kawai. In a jikin bututun ne ko kusa da inda harsashi ke zama, kada ka harba ta sai mai sana'ar ya duba.

Baduku_Domayo
Alhaji in za ka canza kube, ka ce wa mai ɗinkin ya sa mata shafi a ciki, kuma kada ya sa maɓallin tagulla inda zai taɓa ƙarfen.

Umar_Dalibi
Yaya Sani, wannan na sanholon da lantarki, shi ma yana da guba irin na gishirin? Don masu tukwane a nan za su so shi.